Kafin Ka Sake Yi Wa Mai Buroka Dariya

Jikana, abokin takarata,

Kakarka tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka tun da ka koma makaranta Birnin Kebbi ko goro ba ka aiko mata ba, saboda haka auren naku yana rawa. Ni dai ban ƙi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ranar da ka raka ni kasuwar Argungu. Matar nan 'yar kudu mai sarin bandar kifi tana ciniki da Turancinta na Buroka, kai kuma ka koma gefe kana kwaikwayonta har abokanka suka riƙe ciki. Ban tanka maka a wurin ba, don ba a gyara saurayi a gaban tsaransa. Kuma ba ni da bakin yi maka faɗa sosai. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, na sa yara da yawa sun durƙusa a rana saboda sun yi Buroka ko Hausa a cikin aji. Sai da furfura ta kama ni na san abin da nake hukuntawa.

Wannan harshe da kake wa kallon Turancin da ya lalace a hanya yana da dangi, kuma yawancin danginsa a tsibirai suke. Asalinsa ciniki ne a bakin teku. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, Ingilishi suka biyo baya, aka rasa harshen da za a yi magana, sai aka harhaɗa na wucin gadi. Shi ya sa "sabi" da matar ta yi ta maimaitawa, wato sani, da "pikin", wato yaro, duk daga harshen Fotugal suke. Daga nan cinikin bayi ya kwashi mutane zuwa gonakin rake a tsibiran Karibiyan, irin su Barbados da Jamaika, wadda Ingila ta ƙwace a 1655. Ka ɗauki Bayarabe da Ba'ashante da Bafulatani da Ibo a ɗaki ɗaya, babu mai jin na wani, ga bulala a kansu. Da me za su yi wa juna jaje? Sai suka tsinci kalmomin ubangidan, suka ɗora su a kan tsarin maganar da suka taho da shi a ka. 'Ya'yansu suka buɗe baki da wannan haɗin, ba su san wani ba. Ranar da uwa ta fara rarrashin jariri da shi, ya tashi daga harshen kasuwa ya zama harshen uwa. Irinsa ne masana ke kira kiriyol.

Saurari yadda mai Buroka ke faɗin cin abinci: "a don cop", "a de cop", "a go cop". Na ci, ina ci, zan ci. Kalmar cin tana nan yadda take, ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke nuna lokaci. Wane harshe ne ka sani mai yin haka? Naka. Abin da kake wa dariya ya fi kusa da Hausar da ka sha a nono fiye da Turancin da kake haddacewa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na mutanen da ake kira Gulla, a ƙananan tsibiran da ke gaɓar Jojiya da Karolina ta Kudu a Amurka. Kai da ka tashi kana ganin shinkafa tun daga fadamar Argungu har Birnin Kebbi za ka gane shi fiye da ɗan birni. Masu gonakin can sun so noman shinkafa, sai suka riƙa neman bayi daga yankin da aka san ta, tsakanin Senegal da Saliyo, mutanen da suka iya tare ruwa da sakinsa. Wurin fadama ne mai sauro, zazzaɓi yana korar iyayengiji su bar gonakin watanni, ruwa kuma ya kewaye ko'ina. Saboda wannan kaɗaici harshensu ya riƙe abubuwan da suka ɓace a wasu wurare. Wani masani baƙar fata, Lorenzo Dow Turner, ya bi tsofaffinsu yana ɗaukar maganarsu, ya fitar da littafi a 1949 mai ɗauke da kalmomi da sunaye kusan 4,000 masu asali daga Afirka, ciki har da na Hausa. Ya tarar da masu ƙirge da Fillanci. Ka je Gwandu ka ce wa wani dattijo ya ƙirga maka, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, sannan ka tuna an ji wannan ƙirgen a bayan teku, a bakin jikokin bayi. Kalmarsu ta cin abinci, "nyam", wadda mutanen Jamaika ma ke faɗa, kowane Bafulatanin da ke kiwo a bakin Gulbin Rima zai gane ta.

A ɗaya daga tsibiran nan, Sapelo, an yi wani bawa mai suna Bilali, mutumin Timbo ta Futa Jalon. Ya bar rubutu da haruffan Larabci, shafi 13. An daɗe ana zaton labarin rayuwarsa ne, sai da Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya nuna wa malamanmu na Arewa, ya kuma wallafa bayani a 1940, aka gane fiƙihun Malikiyya ne irin na Risala, maganar alwala da salla. Almajiri ne kamar kakanninka. Jikokinsa da harshen Gulla suke magana, irin Turancin da kake wa kallon na jahilai.

Sauran ba sai na ja maka ba. A tsibirin Biyoko na Ikwatoriyal Gini ana yin Pici, wanda ya samo asali daga Kiriyon mutanen Saliyo da aka kai can tun 1827. A Papuwa Niyu Gini, ƙasa mai harsuna fiye da 800, da Tok Pisin ake muhawara a majalisa. A nan gida BBC ta buɗe sashen Buroka a 2017, shekara 60 bayan sashen Hausa. "Wahala" da ɗan Warri ke faɗa kullum kuwa, daga bakinmu ya karɓa. Mu ma mun haifi irin wannan: Barikancin da sojojin mulkin mallaka suka riƙa yi da juna, Hausa ce da aka sauƙaƙa.

Kada ka ɗauka ina cewa ka rubuta Buroka a takardar jarrabawa. Malaminka zai kayar da kai, kuma ya yi daidai. Ka koyi Turancin makaranta har ya zauna maka, don da shi za ka nemi abinci. Rigar zuwa gona daban, ta zuwa Idi daban, amma babu mai hankalin da zai zagi wadda ke ciyar da shi.

Akwai kuma abin da ya fi dariyar kasuwa damuna. A hutun nan na ji ka gyara wa kakarka magana, ta ce "tahi" ka ce "tafi" ake cewa, ta ce "shina" ka ce "yana". Ta yi murmushi, amma na lura ta rage hira a gabanka. Raini ɗaya ne da wanda ka yi wa mai kifi, sai dai wannan karon Kabancin gidanku ka raina. Mu ma a jihar nan muna da mutanen tsibiri. Gungawan Yawuri, masu kiran kansu Bareshe, a gungun da ke tsakiyar kogin Kwara suke zaune har madatsar Kainji ta 1968 ta tashe su zuwa tudu. Yau da yawa daga 'ya'yansu Hausa kawai suke ji. Bayin tsibiran Gulla da aka raba da komai sun riƙe ƙirgen iyayensu fiye da shekara 100. Kai ba wanda ya sa maka sarƙa.

In Allah ya kawo ka hutu, za mu koma kasuwa tare, ka gai da matar nan da ladabi, ka taya ta ɗaura kwalinta. Da dare kuma ka zauna wajen tsohuwa ta faɗa maka sunayen kifayen kogin Matan Fada da kayan su, daga homa har gora, yadda iyayenta ke faɗinsu, ka rubuta ba tare da ka gyara ko harafi ɗaya ba. Ka taho da littafi da biro, kada kuma ka manta da goronta.

Kakanka.