Ƙaramin struct ba shi da nauyin da ake tsoro

Cikin aikina na duba shirye-shiryen da matasa ke rubutawa da yaren C, akwai abin da ke yawan maimaituwa, kuma yana damuna. Fankshan na buƙatar dawo da amsa biyu, misali sakamakon lissafi da alamar ko aikin ya yiwu, sai marubucin ya jefa ɗaya a global, ko ya jero foyinta biyu ko uku. In na tambayi dalili, sai a ce ai dawo da struct tsada gare shi, kwafarsa ake yi.

Wannan magana ta tsufa. A Linux da macOS masu x86-64, ƙa'idar System V ta tanadi cewa struct da bai wuce bayit 16 ba a rajista yake dawowa: RAX da RDX in cikakkun lambobi ne, XMM0 da XMM1 in masu ɗigo ne. Ba sai an bi ta memori ba. ARM64 da ke cikin wayoyinmu ma haka yake, ta x0 da x1 in cikakkun lambobi ne. Sai ya haura 16 ne mai kira zai tanadi wuri ya miƙa adireshinsa a ɓoye, wato kamfaila ya yi maka abin da kake wahalar yi da hannu. Windows mai x86-64 ce ta fi tsanani, iyakarta bayit 8.

Dubi ldiv da ke stdlib.h. Tana dawo da quot da rem tare, bayit 16 cif a Linux mai bit 64. Umarnin idiv kansa yana ajiye rabon a RAX, ragowar a RDX, daidai inda ƙa'idar ke son su.

Foyinta kuwa, in ba a narkar da fankshan cikin mai kiransa ba, tana tilasta a rubuta amsar a memori sannan a sake karantowa. Global ta fi muni: ranar da zare biyu suka kira fankshan ɗin lokaci guda, ɗaya zai taka amsar ɗaya. Wanda ya fi ɗaga mini hankali shi ne mai dawo da adireshin abin da ya ƙirƙira cikin fankshan, alhali wurin ya tashi daga nasa da zarar an fita.

Don Allah, kafin ka yanke hukunci, buɗe Compiler Explorer na Matt Godbolt, ka sa -O2, ka rubuta salon struct da na foyinta gefe da gefe, ka ƙirga umarnin da kowanne ya haifar a kan injin da shirinka zai hau.