Kaburburan Wuta da Adalcin Allah

Karatu: 2 Bitrus 2:1-9

Manzo Bitrus ya gargaɗe mu cewa malaman ƙarya za su saɗaɗo cikin ikilisiya, kuma hukuncinsu yana nan tafe. Kiristocin dā sun yi ta tunani a kan kamannin wannan hukunci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dante, mawaƙin Italiya wanda ya rasu a shekara ta 1321.

A doguwar waƙarsa ya kasa Gidan Wuta hawa tara. A hawa na shida ya ajiye masu karkatacciyar koyarwa, kowa cikin kabari mai cin wuta, murfinsa a buɗe. A cikinsu akwai mabiyan Abikuriya, masu cewa rai yakan mutu tare da jiki, irin waɗanda suka yi muhawara da Manzo Bulus a Atina (Ayyukan Manzanni 17:18). Duba yadda horon ya yi daidai da laifin. Sun koyar cewa kabari ne ƙarshen mutum, sai ga su zaune cikin kabari, mutuwar da suka dogara da ita kuwa ta ƙi zuwa. Dante ya ce bayan Ranar Shari'a, sa'ad da suka karɓi jikunansu, za a rufe murafun.

Ka tuna, wannan waƙa ce. Littafi Mai Tsarki bai ba mu hawa tara ba. Amma akwai wuri guda a cikinta da yake taɓa zuciyata. A ɗaya daga cikin kaburburan Dante ya sa Farinata, jarumin da ya hana a rushe birninsu Firenze a shekara ta 1260. Yana girmama shi ƙwarai, duk da haka bai fitar da shi daga wutar ba, domin ceton gari bai maye gurbin bangaskiya ba.

To, wa yake da ikon yanke wannan hukunci? Nan ne ikilisiya ta yi tuntuɓe. An ƙone Yan Hus da rai a Konstans a 1415. An ƙone Mika'ilu Sarbetus a Janeba a 1553, wannan karon a hannun Furotesta. Mutane suka ɗauki wutar da ke hannun Allah suka kunna ta a dandalin gari. Alhali a misalin zawan (Matiyu 13:24-30) Ubangiji Yesu ya hana bayi tuge zawan kafin kaka, kada su tuge har da alkama.

Aikin da aka ba mu ƙarami ne, yana da wuya kuma. Titus 3:10 ya ce a gargaɗi mai raba ikilisiya sau ɗaya, sau biyu, sa'an nan a rabu da shi. Bulus ya gaya wa Timoti ya gyara masu gardama da tawali'u, ko Allah zai ba su tuba. Idan kai mai wa'azi ne ko malamin makarantar Lahadi, karanta Yakubu 3:1 kafin ka buɗe baki ran Lahadi mai zuwa, gama mu masu koyarwa za a yi mana shari'a mafi tsanani.