Allurar da Ke Daskarewa a Cikin Jiki

Wannan wasiƙa ta fito ne daga wata baiwar Allah a Katsina, mai 'ya'ya biyu masu fama da sikila. Ta ce ta ji labarin wani ruwan allura da ke daskarewa a jiki yana gyara ƙwayoyin gado, shin zai warkar mata da yaran?

To Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba su lafiya. Abin da kika ji akwai shi.

Kin san romon ƙafar sa, in ya huce sai ya daskare. To wannan sinadari akasin haka yake. A cikin sanyi ruwa ne tsululu, sirinji na zuƙarsa ba wuya, amma da zarar ya ji ɗumin jiki, digiri 37, sai ya yi kauri ya zauna daram inda aka zuba shi. Masana a Jami'ar Utah ta Amurka na cikin waɗanda suka fito da irin wanda jiki ke iya narkarwa, a ƙarshen shekarun 1990.

Amfaninsa kuwa, in aka saki ƙwayoyin gado haka tsirara cikin jini, sinadaran jiki na daddatse su cikin 'yan mintoci. In an cakuɗa su da wannan ruwan allura, sai ya killace su, yana sakinsu kaɗan-kaɗan na kwanaki ko makonni, shi kuma yana zaizayewa har ya ƙare. Ba sai an yi tiyata an ciro shi ba.

Amma Hajiya, ba zan ɓoye miki ba: ta fuskar ƙwayoyin gado, yawancin aikin yana matakin gwaji a kan dabbobi. Jelmyto, mai irin wannan dabara, wanda Amurka ta amince da shi a 2020, maganin kansar hanyar fitsari yake ɗauka, ba ƙwayoyin gado ba.

Ita sikila tushenta a ɓargo yake. Maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ciro ƙwayoyin da ke samar da jini ake yi, a gyara su, a mayar, kuma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Wannan tsadar tana ci mini rai ƙwarai, ganin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu cutar.

Don Allah duk wanda ya kawo miki allura ya ce ita ce wannan, kada ki bari ta taɓa jikin yaranki. Ki riƙe asibiti, su kwana cikin gidan sauro, su sha ruwa sosai, ki kuma tambayi likitansu ko maganin hydroxyurea ya dace da su.