Maganin damuwar zuciya a lokacin ƙunci

Ya ku ƴan'uwa musulmi, idan rumbu ya ƙare tun hatsi bai nuna ba, bashi kuma ya hau kan magidanci, barci kan ƙaurace masa, fushinsa ya sauka kan iyali. Mu sani damuwa ba raunin imani ba ce: a shekara ta 10 da aiko Manzon Allah (SAW) Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu, har aka kira ta shekarar baƙin ciki.

Ga abin da ya kamata mu riƙe:

1. Salla kan lokaci cikin jam'i, da zikirin safe da maraice.
2. In fushi ya taso, mu yi shiru, mu zauna, mu yi alwala.
3. Mu je wurin mai bin mu bashi, mu nemi jinkiri. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umurce shi da ya saurara wa mai ƙunci.
4. Mu rage shayi da goro da dare, mu kwanta bayan lisha.
5. Mu faɗa wa amini ko malami abin da ke cin ranmu.

Wanda ya kai sati 2 barci da abinci sun gagare shi, a kai shi wurin likita, domin neman magani sunna ne.

Allah Ya yaye mana, amin.