Ka Bar Danƙon a Gida

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini kai da abokanka kuna shirin fita bakin ruwa ranar Asabar, wai shan iska. Madalla. Matso kusa in faɗa maka yadda ake wannan tafiya, don ba kowa ya iya ta ba.

Katsina ba garin kogi ba ne, kowa ya sani. Abin da Allah ya ba mu shi ne rafin Ginzo da lambunan da ke shan ruwansa ta wajen Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, inda ake noman latas da kabeji. In kuwa ruwa mai faɗi kuke so, sai dam ɗin Ajiwa a ƙasar Batagarawa, inda aka tare kogin Tagwai tun shekarun 1970 domin shayar da birni. Hanyar bakinsa shimfiɗaɗɗiya ce, ko ni da gwiwar nan tawa zan iya bin ta.

Ku yi sammako, da an sallame asuba. Hantsi na dubawa, rabin abin kallon ya shige duhuwa. Kuma ku rage yawa. Samari goma da hira da waƙa a waya, ai tun daga nesa kun yi wa dajin sallama, kowa ya kama gabansa. Ku tafi ku biyu ko uku, a hankali, kuna tafe kuna tsayawa. Da kun sami gindin gawo, ku zauna ku yi tsit. Ka dubi gawon ma kansa: da damina, sa'ad da kowane icce ke kore shar, shi a lokacin yake kaɗe ganye, sai rani ya yi ya tofo. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, ba ya tare wa gero rana, ga taki, ga 'ya'ya da awaki ke rububi.

Wanda zai fara zuwa, belbela ce, ci da motsin wani. Tana bin sawun shanun Fulani da suka gangaro shan ruwa, duk farar da kofato ya tayar ta cafke. Can cikin ruwa iya gwiwa za ka hango zalɓe a tsaye, wuya a lanƙwashe, ko ƙyaftawa ba ya yi. Kada ka gaji da shi. Zai daɗe a haka har ka ɗauka ya manta abin da ya kawo shi, sai ka ga baki ya faɗa ruwa kamar mashi, ya ɗago da ɗan karfasa a gicciye, ya juya shi ta kai kafin ya haɗiye, don kada ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro. In rana ta ɗan ɗaga, guza zai fito gaɓa shan hantsi, yana zaro harshe mai baki biyu. Motsi ɗaya za ka yi, sai dai ka ji tsulum.

Ka riƙa lura da lokaci kuma. Shamuwa ba ta zuwa sai bazara ta nuna, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ta yi sheƙa a bisa itatuwan gari, ta ƙyanƙyashe, kaka na yi ta nufi kudancin Afirka. Kakanninmu da ganinta suke fara gyaran sungumi. Da hunturu kuwa wasu baƙi ne ke sauka, ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka keto Sahara tun daga Turai, da yawansu suna yada zango a fadamun Hadeja da Nguru, wasu su raɓo ta nan.

Yanzu ga abin da na kira ka dominsa. Na ga danƙo a aljihun ƙanenka, na kuma san zai liƙe muku. A bar shi a gida. Da muna yara, ungulu a mahauta ta fi ƙarfin ƙirga, har kora ake yi. Yau ka tambayi mahautan, sai su yi ta tunanin yaushe rabonsu da ganinta, masu neman kanta don tsibbu da masu zuba guba a mushe sun kusa ƙarar da ita. Gauraka mai tukku, da ake jin kukanta a fadama, yaran yanzu a hoto suka san ta. Malamanmu sun hana kashe rai don wasa, ko da ɗan tsuntsu ne, kuma na lura yaron da ya san sunan tsuntsu da lokacin zuwansa, hannunsa kan yi nauyin harbinsa. To, ka koya masa sunayen.

Ban da wanka, komai zafi. Bakin dam akwai laka da rami, kuma ruwan kwance shi ke kawo tsargiya, fitsarin jinin nan da ke wahalar da yara. Ku gai da masu lambu da masunta, kada ku taka musu fangali ko ku taɓa koma. Kafin ku tashi ku tambayi mutanen wurin lafiyar hanya, ka san halin rashin tsaro da ake ciki, kada wanda ya ja ku yamma wajen dajin Rugu. Ku ɗauki ruwan sha daga gida, ku faɗa wa iyayenku inda kuka nufa, azahar kuma ta same ku a gari.