Kada Ku Jira Rumbu Ya Zube

Ƴaƴana, ku matso kusa. Akwai maganar da na daɗe ina son yi da ku, ku da kuka baro Urafane da ƙauyukan kewayenta, kuka tafi karatu Maraɗi da Damagaram da Yamai, kuka dawo da sana'ar da iyayenmu ba su san ta ba, wato rubuta manhajar kwamfuta da ta waya. A hutun da ya wuce ɗaya daga cikinku ya zo gaishe ni. Muna zaune a gindin gawo bayan la'asar, sai na ga hankalinsa ba ya tare da shi. Da na matsa, ya ce shi da abokansa suna gina wata buɗaɗɗiyar manhaja ta lissafin bankin cimaka, wadda kowa zai iya ɗauka kyauta ya duba cikinta ya gyara. Sai dai rabin aikin ya jingina ne da wani ƙunshin manhaja da wani bawan Allah ya rubuta a wata ƙasa mai nisa, kuma shekara uku ke nan bai taɓa shi ba. An aika masa tambaya, shiru. An aika masa gyara, shiru.

"Amma Baba, har yanzu yana aiki," in ji shi. "Me zai sa mu tayar wa kanmu da hankali?"

Na ce masa, ɗana, bari in ba ka labarin rumbun kakana.

Ina yaro, akwai wani babban rumbun ƙasa a bayan gidanmu, irin wanda muke kira ruhewa. Wani magini na garinmu ne ya gina wa kakana shi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya zo ya zagaya shi, ya yaɓe inda ya tsage, ya sa a sauya jinka. Da tsufa ya kama shi, sai ya daina zuwa. Shekarar farko ba abin da ya faru, ta biyu ma haka. Rumbu na tsaye ƙyam, wanda ya gan shi daga nesa zai ce jiya aka gama shi. Wata safiya cikin rani na ga mahaifina ya durƙusa a gindinsa riƙe da ƙotar gatari, yana ƙwanƙwasawa a hankali, ya kara kunne yana saurare. A wani wuri sautin ya fito da kauri, a wani wuri kuma ya fito kamar an bugi ƙwarya. Ya sa yatsa ya ɗan tona, sai ga ƙasa tana zubowa kamar gari, ga gara fara fat tana kai da kawowa. Bai ce komai ba. A ranar ya aika aka fara kwaɓa ƙasar sabon rumbu.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Ranar da mai yaɓe ya daina zuwa, daga ranar rumbu ya fara zubewa, ko da ido bai gani ba. Haka manhaja take. Ita kanta ba ta ruɓewa, haruffan da aka rubuta suna nan yadda aka bar su, amma duniyar da ke kewaye da ita ba ta tsayawa. Tsarin waya yana sauyawa, harshen da aka rubuta ta da shi yana fitar da sabuwar siga, masu neman ɓaraka kuma ba sa barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon da ba mai dubawa ba ya rasa tsaguwa.

Ni ma na ci abinci a wannan fanni, tun zamanin da ake cika takardun bincike da biro a ɗaure su cikin kwali a kai Maraɗi, har zuwa lokacin da aka koma waya. Kuma na taɓa yin sakacin da nake gargaɗinku a kansa. A wani aikin raya karkara da na yi, akwai wata ƴar manhaja da ke karɓar bayanai daga wayoyin ma'aikatanmu. Na san masu ita sun daina kula da ita, na gani da idona, amma kullum sai in ce bayan kaka, bayan azumi, bayan rahoton ƙarshen shekara. Rannan ana tsakiyar ƙidayar magidanta masu buƙatar tallafi, wayoyi suka sabunta kansu, tsohuwar manhaja ta ƙi gane su. Yaranmu suna can cikin rairayi tsakanin Tasawa da Mayahi, sun sha rana sun cika fom, abin ya ƙi tafiya. Kwana da kwanaki muka yi muna tattara wayoyi, muna kwashe abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne tsofaffi da mata masu goyo da jinkirin ya shafa, waɗanda ba su san wata manhaja ba, sun dai san buhu bai iso ba. Laifin kuwa nawa ne, don an ba ni lokaci na ƙi amfani da shi.

Lokacin nan ana bayar da shi, ƴaƴana, in mutum zai saurara. Ku dubi harshen Python da yawancinku kuka fara koyo da shi. Siga ta 3 ta fito a watan Disamba na 2008. Aka ce za a daina kula da siga ta 2 a 2015, da aka ga mutane ba su shirya ba aka ƙara wa'adi zuwa 1 ga Janairu 2020. Shekara goma sha ɗaya ana shela, duk da haka ranar ta riski ayyuka da dama ba su ɗaga ko dami ɗaya ba. Ku dubi kuma ODK, wadda ta samo asali a Jami'ar Washington ta Amurka, wadda masu tattara bayanai a ƙauyukanmu suka sani, ita da ƴar uwarta KoboCollect da aka gina a kanta. Tsohuwar ma'ajiyarta, Aggregate, masu ita sun fito fili sun ce sun daina sabunta ta, kowa ya koma Central. Wannan shi ne halin kirki: sun faɗa, sun nuna sabon gida. Wanda ya zauna a tsohon bayan haka, shi ya zaɓa wa kansa.

Amma ba kowane mai ƙunshi ne yake yin sallama ba, shi ya sa dole ku koyi ƙwanƙwasa gindin rumbu da kanku. Ku duba yaushe rabon da a fitar da sabuwar siga. Ku duba ko ana amsa masu kawo ƙorafi, ko gyare-gyaren da mutane suka aiko sun taru ba mai buɗewa. Ku duba mutum nawa ke riƙe da makulli. In mutum ɗaya ne, to ranar da ya yi rashin lafiya ko ya samu wani aiki, shi ke nan. Sai dai ku yi adalci a nan. Akwai ƙaramin ƙunshi da aikinsa ya kammala, ba ya buƙatar taɓawa, kamar turmin da aka sassaƙa da kyau. Shirun da ya kamata ya tsorata ku shi ne wanda aka kai rahoton ɓaraka ba a ce uffan ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi zubewa, wato baƙo ya gaji makulli. A 2018 wani ƙunshi mai suna event-stream, wanda ake saukewa kusan sau miliyan biyu a mako, mai shi Dominic Tarr ya daɗe da daina amfani da shi. Wani da ba a sani ba ya ce zai taimaka, aka miƙa masa. Cikin ƴan makonni ya cusa wani abu da aka shirya don satar kuɗin masu amfani da manhajar Copay, ba a gano ba sai a watan Nuwamba. A ƙarshen Maris na 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata na'ura tana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Ya bi sawu har ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙunshin matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux. Wanda ya dasa ta ya yi fiye da shekara biyu yana nuna kirki ga Lasse Collin, mai kula da ƙunshin, wanda aiki ya yi wa yawa shi kaɗai ba albashi. Rabin daƙiƙa, ƴaƴana. Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To in kun tabbatar rumbu ya zama maraya, yaya ake ƙaura? Yadda mahaifina ya yi.

Bai fara da rushe tsohon ba. Ya fara da sanin abin da ke ciki: damin gero nawa, na dawa nawa, ina irin shuka yake. Ku ma ku zauna ku rubuta duk inda aikinku ya taɓa wannan ƙunshi. Sau da yawa za ku tarar cikin abubuwa hamsin da yake iyawa, uku kawai kuke amfani da su, kuma wataƙila harshen da kuke rubutu da shi ya riga ya zo da su. In haka ne, kun huta da neman wani majingini.

Sannan ya zaɓi wurin sabon gini da natsuwa, a tudu, nesa da gidan gara. Kada ku gudu daga maraya ku faɗa hannun wanda zai zama maraya baɗi. Ƙyalƙyalin sabon abu kada ya ruɗe ku. Ku tambaya: su wa ke riƙe da shi, mutum nawa, suna amsa sallama, lasisinsa ya dace da naku? Kuma ku tuna da mutanenmu: zai yi aiki a ƙaramar waya mai tsohon tsari, a garin da sai an hau tudu ake samun layi?

Da aka zo kwasa, dami-dami aka yi, ni ina miƙawa, wana yana karɓa, mahaifina yana tsaye yana ja wa kowane goma layi a ƙasa. Abin da ya fita daga tsohon, shi ya shiga sabon, ba ƙari ba ragi. Wannan ƙirga ita ce gwaje-gwajenku. Ku rubuta su tun kafin ku taɓa komai, su shaida yadda aikin yake a yau, don in kun sauya ku gane nan take ko tiya ɗaya ta ɓace. Ku tattara duk hulɗarku da ƙunshin ta bi ta ƙofa ɗaya da kuka gina da kanku, ta yadda gobe in za a sake ƙaura, ƙofar kawai za a gyara. Kada ku haɗa ƙaura da ƙarin sabbin abubuwa a rana ɗaya, don in abu ya lalace ba za ku san wanne ya jawo ba. Bayanan mutane kuwa, sunayensu da bashinsu da ajiyarsu, su ne irin shuka. Ku yi musu kwafi biyu, ku gwada buɗe kwafin ku ga ya buɗu, kafin ku ɗaga ƙafa.

Kuma a rani aka yi wannan aiki, ba a tsakiyar Agusta ba. Kada ku sauya manhajar bankin cimaka a lokacin da rumbunan gida suka ƙare, jama'a suka yi layi. Ku sanar da masu amfani da ita tun da wuri, da Hausar da za su gane. Tsohon rumbun ma mahaifina bai rushe shi ba sai da sabon ya ga damina guda.

Wataƙila wani cikinku ya ce, me zai hana mu ɗauki marayan mu riƙe? Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ya ba ku wannan dama, kuma an yi an ci nasara. A 2010, bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun, masu aikin OpenOffice da dama suka tsaga reshe suka kafa LibreOffice, ga shi har yau ana amfani da ita. Amma jama'a ce ta ɗauka, da gidauniya a bayanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Riƙon maraya lada ne, sai dai ba a yin sa na mako biyu. In kun san ba za ku iya yaɓe duk shekara ba, ku faɗa wa kanku gaskiya tun yau.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi mini nauyi a zuciya. Kada ku zagi maginin. Ina jin yadda wasu matasa ke aika wa masu ƙunshi baƙaƙen maganganu, kamar suna bin su bashi. Mutumin nan ya hana idonsa barci ya yi abu, ya ajiye a bakin hanya kyauta, kuka ci moriyarsa shekara da shekaru. Ba ku san abin da ya same shi ba. In za ku tafi, ku rubuta masa godiya. In kun tarar da wanda ke fama shi kaɗai bai riga ya sare ba, ku kama masa tun yanzu, ko da gyaran rubutun bayani ne, ko fassara shi zuwa Hausa. Mahaifina, bayan an gama kwasa, sai da ya ɗaura dami biyu a kan jaki ya ce in kai wa tsohon maginin. Na same shi a zaure, idonsa ya yi rauni. Ya shafa damin da hannu, ya tambaye ni ko gindin gabas ne ya fara ci. Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai ya ce dama can nan ne yake tsoro.

Ku ma wata rana za ku zama kamarsa. Aure zai zo, aiki zai sauya, ƙarfi zai ragu, wasu kuma suna can sun zuba hatsinsu a abin da kuka gina. In ranar ta zo, kada ku sulale. Ku rubuta a fili cewa kun ajiye, ku nuna inda za a koma, ku faɗi inda gindin yake da rauni, makulli kuma ku ba wanda kuka san halinsa.

Yaron nan da ya zo gaishe ni, da zai tafi na raka shi bakin hanya. Ya ce in Allah ya kai mu bayan kaka za su fara. Na riƙe hannunsa na ce, a'a ɗana, daren yau ka buɗe kwamfutarka ka fara ƙirga damin. Allah ya yi muku albarka, ya sa abin da kuke ginawa ya amfani garinmu.