Murar Kyanwa a Gidajen Yako da Kewaye: Yadda Sunan Cuta Ke Jawo Magani

1.0 Gabatarwa

A Yako da sauran garuruwan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa, inda ake noma masara da dawa da shinkafa, kyanwa ma'aikaciya ce: ita ke tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓera. Addini ma ya ba ta gata, domin a mazhabar Malikiyya ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne, kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda ɗaure kyanwa da yunwa sananne ne. Duk da haka, nazarce-nazarcen magungunan dabbobi sun fi karkata ga shanu da tumaki da dawaki. Wannan maƙala ta dubi yadda kalma guda, wato mura, ke iya cutar da kyanwa a hannun mai tausayinta.

2.0 Kalmar Mura da Abin da Take Ɗauke da Shi

Idan kyanwa ta kama atishawa da majina, idanunta suka cika da kwantsa, musamman da hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Bahaushe yakan ce tana mura. A ido sunan ya dace, kuma a nan gizo ke saƙar. A tunanin Bahaushe mura tare take tafe da magungunanta: tafarnuwa, albasa, man zafi, sai kuma farasitamol na zamani. Da zarar an kira ciwon kyanwa da sunan ciwon mutum, hannu sai ya nufi maganin mutum.

Alhali mafi yawan wannan ciwo daga ƙwayoyin bairos biyu yake, FHV-1 da FCV, waɗanda ba su ne ke sa ɗan Adam mura ba. Na biyun yakan haddasa gyambo a harshe, shi ya sa ake ganin miyau yana dalala.

Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin sarrafa farasitamol, don haka ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Dasashinta yakan koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Mai ita kuwa sai ya ɗauka murar ce ta tsananta, wataƙila ma ya ƙara mata rabin ƙwaya. Tafarnuwa da albasa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, kafur ɗin da ke cikin man zafi kuma guba ne idan ta lashe shi, ga shi kyanwa ba ta barin komai a gashinta sai ta lashe.

3.0 Jinya a Gida

Jinyar da ke da amfani ba ta da tsada. A riƙa share hanci da ido da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ajiye ta kusa da tururin ruwan zafi na ɗan lokaci don majina ta saki, a nisanta ta da hayaƙin murhu da turaren wuta da maganin sauro. Babban yaƙin shi ne na abinci. Kyanwa da ƙamshi take ci, idan hanci ya toshe sai ta juya wa kwano baya. Dafaffen kifi mai ɗumi da aka zare wa ƙaya, irin wanda ake kamawa a madatsar ruwa ta Tiga, yakan jawo ta, amma ban da ragowar miya saboda albasar da ke ciki. Idan ta kwana biyu ba ta ci ba, ko ta fara numfashi baki buɗe, magana ta wuce gida, sai likitan dabbobi.

3.1 Kyanwar Riƙo Mai Ciki

Kyanwa mai ciki da ta faɗo gida aka karɓe ta riƙo ta fi kowace haɗari. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne. FHV-1 yana laɓewa a jiki tsawon rai, sauyin gida da haihuwa da shayarwa kan tayar da shi, uwar ta shafa wa 'ya'yanta. Don haka a ware mata ɗaki da kwano nata daban da na sauran kyanwoyi. Kafso na tetirasaikilin da ake saye a kanti ba ya kashe bairos, yana kuma iya ɓata haƙori da ƙashin ɗan tayi. Rigakafi mai rayayyiyar ƙwaya shi ma sai bayan haihuwa. 'Ya'yan suna buɗe ido ne tsakanin kwana 7 da 10. Idan fatar ido ta kumbura ko kwantsa ta liƙe ta, a jiƙa da ruwan ɗumi a hankali, a nemi likita, domin ruwan ciwon da ya taru a ciki yana iya makantar da su. Ɗan da hancinsa ya toshe kuwa ba ya iya kama nono, sai an share masa kafin a mayar da shi jikin uwa.